Ƙaiƙayi da farin ruwa masu dawowa: maigida ne ke ɗauko mini?

Wata baiwar Allah daga Garin Malam, a nan Damagaram, ta aiko da tambaya. Shekarunta 29, ƴaƴanta 3. Ta ce shekara ɗaya da rabi ke nan tana fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri. Ta sha ƙwayoyi, an yi mata allurai, ta yi matsi, abin ya lafa sati biyu ko uku ya dawo, yawanci gab da al'ada ko bayan kwananta da maigida. Ta lura ya tsananta tun da maigidan ya ƙara aure, kuma ƙawayenta sun ce mata sanyi ne yake ɗaukowa daga ɗakin amarya yana kawo mata. Tana so ta sani: gaskiya ne? Su ukun duka za su sha magani? Kuma zai hana ta sake haihuwa?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya yaye miki. Na daɗe ina aikin ungozoma a garin nan, kuma da wuya sati ya wuce ban ji wannan tambayar ba, sau da yawa da murya ƙasa-ƙasa, bayan an gama awo, mace ta riga ta ɗaura zanenta ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo. Don haka ki saki ranki, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba abin kunya kika tambaya ba.

Bari in fara da abin da ya fi damunki. Idan ciwon da ke jikinki shi ne wanda kika siffanta, wato ƙaiƙayi mai tsanani da farin ruwa mai guda-guda marar wari, to mafi rinjayen zato ba daga ɗakin kowa aka kawo miki shi ba. A jikinki yake zaune tun asali, wani abu ne yake tayar da shi. Amma na ce "idan", kuma a kan wannan "idan" ɗin zan daɗe, domin a nan yawancin matanmu suke ɓata kuɗi da shekaru.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita: sanyi. Mace ta ga ruwa, sanyi. Ƙaiƙayi, sanyi. Ciwon mara, sanyi. Namiji yana fitsari da zafi yana ganin mugunya, sanyi. Haihuwa ta yi jinkiri, sanyi ne ya yi yawa. Alhali a ƙarƙashin wannan suna ɗaya akwai cututtuka aƙalla huɗu ko biyar, kowacce da abin da ke kawo ta, kowacce da maganinta, kuma maganin wata yakan ƙara wa wata ƙarfi. Wasu ana ɗaukarsu ta saduwa, dole a yi wa miji da matansa duka magani. Wasu kuwa ba ruwansu da miji. Mai tallar magani da ya ce miki yana da "maganin sanyi" kamar mai cewa yana da maganin "ciwon ciki" ne, bai tambaya ko tsutsa ce, ko gyambo, ko naƙuda ba.

Wanda kika siffanta, likitoci suna kiran ƙwayarsa kandida. Ƴar'uwar yis ɗin da ake zubawa a ƙullin fanke ce, danginsu ɗaya da fumfunar da ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu a rufe. Tana zaune lafiya lau a hanjin mutane da bakinsu da fatarsu, maza da mata, har yara. Idan aka ɗauki mata masu ƙoshin lafiya aka gwada su, za a same ta a gaban 10 zuwa 20 cikin 100, ba tare da suna jin komai ba, kuma waɗannan ba su bukatar magani. Abin da ke riƙe ta shi ne wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da Allah Ya ajiye a gaban mace, irin waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Su ne suke sa wurin ya kasance da ɗan tsami, suna cike fili, suna hana baƙo da ɗan gida wuce gona da iri. Ranar da wani abu ya rage su, ko ya ƙara wa kandida abinci, sai ta yi yaɗo, fata ta kumbura, ta yi ja, ƙaiƙayi ya hana barci, a ga farin abu kamar nonon da ya tsinke yana manne. Fitsari yakan yi zafi idan ya taɓa fatar waje, saduwa ta zama azaba. Wari kuwa babu, ko kaɗan ne.

Mata 3 cikin 4 sai sun gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kusan rabi kuma sau biyu ko fiye. Budurwar da ba ta san namiji ba tana yin ta. Bazawarar da ta shekara ita kaɗai tana yin ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki ba sai an kawo ba. Idan ta zo sau 3 ko 4 a cikin shekara guda, shi ne muke cewa mai dawowa, kuma ke kina cikin wannan sahun idan gwaji ya tabbatar.

To me ya sa kike ganinta bayan kwananki? Ba ƙarya kike yi ba, kuma ba tunaninki ba ne. Gogayyar saduwa tana ƙara fusata fatar da dama ta fara kumbura, musamman idan wurin a bushe yake, sai abin da ke ɓoye ya fito fili washegari. Ƙari a kan haka, ki duba abin da mace take yi a ranar girkinta: wanke ciki da sabulu, zama cikin ruwan magani, matsi, turare, sannan wankan tsarki da sake wanke ciki. Sau da yawa shirin kwanan ne ke tayar da ciwon, ba kwanan ba. Akwai kuma binciken da ya nuna wasa da baki a al'aurar mace yana da alaƙa da dawowar ciwon a wasu mata, tun da kandida tana zama a baki. Batun gab da al'ada kuwa sanannen hali ne na wannan ciwo: yakan tashi a satin da ke gaban jini saboda canjin sinadaran jiki, ya lafa idan jinin ya zo.

Ba na cewa ƙwayar ba ta taɓa wucewa tsakanin miji da mata. Tana wucewa, ana samunta a jikin wasu mazan. Amma an gwada abin da ƙawayenki suke ba ki shawara a kai: an ɗauki mata masu wannan ciwo, aka ba mazan wasu magani, aka bar mazan wasu, aka zuba ido. Waɗanda aka yi wa mazansu magani ciwon ya dawo musu kamar yadda ya dawo wa sauran. Shi ya sa ba a lissafa kandida cikin cututtukan saduwa, kuma ba ma ba namiji magani idan ba ya jin komai. Balle abokiyar zama.

Namijin da za a yi wa magani shi ne wanda shi ma yake da alama: kan mazakutarsa ya yi ja, yana ƙaiƙayi ko raɗaɗi, da ƴan ƙuraje ko farin abu, ko fatar tana tsattsagewa. Wannan man shafawa na kulotirimazol safe da yamma na sati ɗaya zuwa biyu yakan ishe shi. Ya fi samun marasa kaciya, don haka a wurinmu bai cika yawa ba, kuma idan na ji magidanci mai kaciya yana ta fama da shi, abin da nake fara cewa shi ne a gwada masa suga. Wasu mazan kuma sukan ji zafi da ja jim kaɗan bayan saduwa da matar da ciwon ya tasar wa, su wanke, zuwa gobe ya wuce. Wannan fatarsu ce ta ƙi abin, ba kamuwa suka yi ba.

Yanzu sauran masu amsa sunan sanyi, domin ki gane inda maganata za ta juya gaba ɗaya. Akwai wanda ruwansa tsararo ne, fari-fari ko toka-toka, mai ƙarni kamar na kifi, ƙarnin yana ƙaruwa bayan saduwa ko bayan al'ada, ƙaiƙayi kuwa kaɗan. Wannan rikicewar ƙwayoyin gaba ne, maganinsa metronidazol, wanda ba ya yi wa kandida komai. Shekara da shekaru ana cewa shi ma ba a yi wa miji magani, sai a 2025 wani bincike a Ostireliya ya nuna idan aka haɗa da mijin, dawowarsa cikin sati 12 ta sauka daga 63 cikin 100 zuwa 35. Ke nan a wannan, maganar miji tana da gurbi. Akwai tirikomonas, mai ruwa rawaya ko kore-kore, wani lokaci da kumfa da wari da zafi. Wannan ta saduwa ake ɗauka, namiji yakan ɗauke ta bai sani ba, kuma idan ba a yi wa kowa magani lokaci guda ba, miji da duk matansa, haka za ta yi ta zagaya ɗakuna. Sai manyan, gonoriya da kilamidiya. Su ne namiji ke ganin mugunya da zafin fitsari, mace kuwa sau da yawa ba ta jin komai har sai sun hau mahaifa sun toshe hanyoyin ƙwai. Waɗannan su ne sanyin da ke hana haihuwa, da kawo ciki a wajen mahaifa. A nan ba sassauci: kowa ya sha magani, a ƙaurace wa juna kwana 7.

Kandida ba ta hawa mahaifa, ba ta toshe hanyar ƙwai, ba ta zama kansa. Tana wahalarwa, tana hana barci, tana ɓata zaman aure, amma ba ta hana haihuwa. Wannan ki riƙe shi da kyau.

Ga waɗanda suka taso a ƙauyukan da ake wanka da wanki a tafki, akwai wani abin da ake yawan mantawa: tsargiya ba a mafitsara kaɗai take tsayawa ba, takan zauna a gaban mace ta kawo ruwa da ƙaiƙayi da ɗigon jini bayan saduwa. Idan kin yi fitsarin jini kina yarinya, ki faɗa wa mai duba ki.

Ta yaya za a san wanne ne naki? Da ido da baki kaɗai ko mu ma muna kuskure. A Amurka an taɓa bin matan da suka je kanti da kansu suka sayi maganin kandida suna da tabbacin ita ce, aka gwada su, sai kashi ɗaya cikin uku kacal aka samu ita kaɗai ce ke damunsu. Sauran wani abu ne daban, ko biyu a haɗe, ko ma ba ƙwayar cuta ba ce, fata ce ta ƙone da sabulu da magunguna. Gwajin ba wuya gare shi ba. Ana lakato ruwan da ɗan tsinke mai auduga, a shafa a gilashi, a duba a madubin ƙara girma. Na sha tsayawa bayan mai gwaji ina leƙawa: kandida takan fito kamar zare mai rassa da ƴan ƙwayoyi a jikinsa, kamar saiwar ciyawa da aka tuge, tirikomonas kuwa za ki gan ta tana motsi tana kaɗa jela. Ga mai ciwo mai dawowa irin naki, ya fi kyau a shuka ruwan a ɗakin gwaji, wato a reni ƙwayar har ta yi yaɗo, a ga wace irin kandida ce. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 irin da ake kira albikans ce, mai jin magani. Amma akwai wasu, kamar gilabirata, da ba su cika jin fulukonazol ba, wato ƙwayar da ake sha don kandida, sai mace ta yi ta sha ba canji. Ki fara daga asibitin unguwarku, ki ce a tura ki inda ake wannan gwajin, babban asibitin Damagaram ko asibitin uwa da yaro.

Idan an tabbatar ita ce, tambayar da ta dace ba "wa ya kawo" ba ce, "me ke ciyar da ita" ce. Kuma na farko a garin nan, a abin da idona ya gani, shi ne maganin da ake sha don a kashe ta.

Wata rana wata mata ta shigo wurina, ta kwance bakin gyalenta ta zazzage mini baƙar leda a kan tebur. Kwalayen amoksisilin, kafso mai ja da rawaya, siporo, metronidazol, kwalaben allura guda shida da aka fasa kansu, da ƙullin garin magani biyu da gorar tsimi. Ta ce a wata huɗu ta kashe sama da jika talatin, kuma ciwon kullum gaba yake yi. Na jera su ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗaya a ciki da ke taɓa kandida. Ƙwayoyin da alluran dukansu masu kashe bakteriya ne, kuma bakteriyar da suka fi samu su kashe su ne masu gadin nan da na faɗa miki. Kowane zagaye na ƙwaya da allura share wa kandida fili yake yi. Ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago, kuma ba laifinta ba ne, abin da aka miƙa mata ta karɓa. Kin ce an yi miki allurai. Ina jin tsoron labarinki da nata ɗaya ne. Mutanenmu sun yarda allura ta fi ƙwaya ƙarfi, amma allurar da ake yi wa mai gonoriya ba ta da wani aiki a kan kandida sai ƙara mata wuri.

Na biyu, suga. Kandida abincinta zaƙi, kuma mai ciwon sugan da bai daidaita ba jikinta ya zame mata gona. Mata da yawa ta wannan ƙaiƙayin aka gano suna da suga, tun kafin su lura da yawan ƙishirwa da tashin fitsarin dare. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa da safe kafin a ci komai, idan ya kai giram 1.26 a lita ko ya wuce, a maimaita a tabbatar. Kada ki ce shekarunki 29 ne, musamman idan akwai shi a dangi, ko kin taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye. Wadda kuma ta san tana da suga tana shan sababbin ƙwayoyin nan masu fitar da shi ta fitsari, irin su dapagiliflozin, ta sani suna jawo wannan ciwon, ta gaya wa likitanta.

Na uku, ciki. Mai juna biyu ta fi kowa yin ta, kuma maganinta daban ne, zan zo kansa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin sukan taimaka mata a wasu mata, amma kada ki ajiye su da kanki, ki yi shawara a canza miki. Na huɗu, duk abin da ke rage garkuwar jiki: ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a ɓoye, waɗanda da dama daga cikinsu dekzametazon ne, da mayukan bilicin masu irin wannan sinadari, da cutar sida. Ina ba duk mai ciwo mai dawowa shawarar ta yi gwajin sida, ba don ina zargin kowa ba. Gwaji ne na mintuna, a asirce, kuma ya fi kyau a cire shi daga lissafi.

Na biyar shi ne wanda na san zai yi wa wasu ɗaci, amma ba zan tsallake shi ba, domin kin ce ciwon ya tsananta tun da aka yi miki amarya. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: me kika fara yi wa jikinki tun daga lokacin wanda da ba kya yi? Na san yadda abin yake. Ana sa ranar aure, ƴan'uwa da ƙawaye za su yi ta kawo wa uwargida haɗi, wannan na matsi, wannan na ni'ima, wannan na tsuguno, kada a bar ki a baya. Miski, alif, garin bagaruwa, kanumfari, tafarnuwa, zuma da abubuwan da mai sayarwa ita kanta ba ta san me ke ciki ba. Ban raina son mace ta gyara wa mijinta kanta ba, hakkinta ne kuma abin yabo ne. Amma fatar cikin gaba kamar ta cikin baki take, ko ta fi laushi. Alif da bagaruwa suna tamke ta ne ta hanyar busar da ita, abin da ake ji kamar matsewa kumburi ne da bushewa, kuma busasshiyar fata tsagewa take yi a wurin saduwa. Sukari kuwa abinci kika kai wa kandida har gida. Na taɓa ciro wa wata ƙullin magani da ya kwana huɗu a ciki, fatar wurin ta yi jawur kamar an zuba ruwan zafi, tana kuka tana cewa kishiya ce ta yi mata asiri. Da yawa daga cikin waɗanda ciwonsu ya tashi bayan an yi musu kishiya, ba amaryar ce ta zo da shi ba, shirin tarbarta ne.

Haka batun wanki. Cikin gaba yana wanke kansa, ruwan da kike gani fari ƙal ko kamar farin ƙwai a tsakiyar wata, marar wari marar ƙaiƙayi, shi ne wankin, ba ciwo ba ne. Sa yatsa da sabulu, ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta na kwalba, ko ruwan gishiri da kanwa, korar masu gadi ne. Addini ma bai ɗora miki ba. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an faɗa a babin tsarki cewa ba a ɗora wa mutum wanke abin da ke can cikin mafita biyu ba. Ruwa mai tsabta a waje ya wadatar, daga gaba zuwa baya, kada hannu ya taso daga dubura ya dawo gaba, domin hanji ne babban ma'ajin kandida. Sannan ki tsane jikinki kafin ki mayar da tufafi. Wannan ƙaramin abu ne amma a bazarar Damagaram, watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40, ga gumi, ga tsarki sau biyar ko fiye a yini, ga ɗan kamfai na roba da siket na ciki da zane da hijabi, wurin ba ya taɓa bushewa. Ki nemi na auduga, ki canza idan ya jiƙe, ki shanya shi a rana ba a bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa ba, da dare ki kwana babu shi. Na san wahalar ruwa a garin nan, na san akwai ranar da jarka ɗaya ce ta girki da wanka da wanki, amma ƙunzugu da ɗan kamfai su shiga gaba a abin da za a wanke. Makewayi da buta kuwa, waɗanda ake yawan ɗora wa laifi a gidan haɗaka, ba ta nan ake ɗaukar kandida ba. Idan kika ji abokiyar zamanki ita ma tana fama, kada ki ce ga shaida: zafi ɗaya kuke sha, mai magani ɗaya ke shigo muku, kuma ciwo ne da ke samun mata 3 cikin 4.

Magani. Ga wadda ta zo mata sau ɗaya, ƙwayar fulukonazol mai miligiram 150 guda ɗaya, ko ƙwayar kulotirimazol da ake sawa a gaba da dare, takan wadatar. Naki ya wuce nan, kuma wannan ne dalilin da ya sa yake lafawa ya dawo: ana kashe wutar sama ana barin garwashi. Tsarin da aka sani ga mai dawowa hawa biyu ne. Da farko fulukonazol 150 sau uku, rana ta 1 da ta 4 da ta 7, ko maganin sawa na kwana 7 zuwa 14. Bayan nan ƙwaya ɗaya kowane sati har wata 6. A binciken da aka yi a kan wannan tsari, mata 9 cikin 10 sun zauna lafiya muddin suna sha. Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce, bayan an daina, kusan rabi yakan dawo musu cikin watannin da ke biye, sai a sake zama a duba. Shi ya sa neman abin da ke ciyar da ita ya fi ƙwayar muhimmanci. Kuma wannan tsari na likita ne, ba na saye a bakin kasuwa ba: fulukonazol ba ya jituwa da wasu magunguna, ana lura da hanta, sannan maganin da ya yini a faranti cikin rana a kasuwar Dole ba wanda zai ce miki ga abin da ya rage a cikinsa. Ki saya a farmasi da takardar likita. Idan shuka ta nuna irin da ba ta jin fulukonazol ce, akwai nistatin na sawa na kwana 14 da wasu hanyoyin da likita zai zaɓa.

Idan kina da ciki, ko kina zaton akwai, ko kina nema, kada ki sha fulukonazol. Mai ciki maganin sawa kaɗai ake ba ta, na kwana 7. Ki faɗa tun kafin a rubuta. Ki kuma guji man shafawan nan masu haɗi uku ko huɗu da ake cewa suna maganin kowane ƙaiƙayi. Suna kwantar da shi a daren farko saboda sinadarin kotizon da ke ciki, sannan su sirantar da fata su ƙara wa kandida ƙarfi.

Saduwa a lokacin da ciwon ya tashi ba ta cika cutar da maigida ba, ke za ta fi cutarwa, don fatar a tsage take. Ki nemi uzuri har ki gama magani zafin ya tafi. Masu amfani da kwaroron roba su sani mayukan nan da ƙwayoyin sawa suna raunana shi, yana iya fashewa.

Game da maigida, shawarata kada ki tare shi da zargi, kuma kada ki ɓoye masa. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, "Malam, ciwon nan ya ƙi ƙarewa, ungozoma ta ce a yi mini gwaji a san ko wane iri ne, kuma ta ce in tambaye ka ko kana jin wani abu a jikinka." Na ga maza da yawa da aka zata za su yi faɗa, suka zo da kansu suka zauna a benci suna jiran sakamako. Idan ya ce yana ganin mugunya ko zafin fitsari, ko gwajinki ya nuna tirikomonas ko gonoriya ko kilamidiya, to a nan ku ukun za ku sha magani a rana ɗaya, kuma shi ya kamata ya sanar da amaryarsa, ba ke ba. Ko a nan ɗin ma sakamakon ba ya nuna wa ya fara, domin waɗannan cututtuka sukan zauna a jiki wata da watanni ba a sani ba. Idan kuwa kandida ce kaɗai, ki bar su su huta, ke ma ki huta da saƙe-saƙen da ke hana ki barci fiye da ƙaiƙayin.

Akwai alamun da ba a jira da su: ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi, ruwa mai ɗoyi, gyambo ko ƙuraje masu ruwa a gaba, jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada. Waɗannan ba kandida ba ne, a duba bakin mahaifa a ranar.

Ranar da za ki je gwaji, ki je lokacin da ciwon yake tashe, ba bayan ya lafa ba, kuma ba cikin jinin al'ada ba. Ki yi kwana uku ba ki sa komai a ciki ba, ba matsi, ba maganin asibiti, ba wanke ciki, kuma kada ku sadu a daren. Ki je ba ki karya ba don a haɗa da gwajin suga. Ki tattara duk kwalaye da kwalabe da ƙullin da kika yi amfani da su a shekara ɗaya da rabin nan, har na gargajiya, ki zuba a leda ki tafi da su, ki kuma rubuta a takarda ranakun da ciwon ya tashi a wata biyun da suka wuce da ranakun da kika ga al'ada.